Wa Zai Ɗaga Waya da Ƙarfe Biyun Dare?



Mai girma shugaban taro, iyayenmu a wannan sana'a da nake hange a sahun gaba, alhazai da hajiyoyi masu kamfanonin jirgin yawo, da ɗaliban da suka cika mana bayan ɗaki, barkanku da zuwa. Yaron da ya kawo mini takardar gayyata ya ce shugabanni sun ce a roƙe ni in kwantar wa 'yan'uwa da hankali, wai kowa a tsorace yake da wayar hannu. Na ce masa ya gaishe su da kyau. Alkawari dai ban yi ba.

Bari in fara da ɗalibai. Idan aka ce Wapa a Kano, me ke faɗo muku a rai? Canji, ko ba haka ba? Dala, Riyal, Sefa. To, asalin sunan nan ba na 'yan canji ba ne. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, kuma harufan farko na sunanta na Turanci su ne suka tashi WAPA. Canji alhazai ya biyo, don mai tafiya Makka dole ya nemi kuɗin ƙasashen da zai ratsa. Ƙungiyar ta shuɗe, canji ya gaje sunan.

Kafin zuwan motocinsu, mai niyyar Hajji ayari yake bi. Daga Kano a nufi Maiduguri, a shiga Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, a bi ta Abeshe a faɗa Darfur, a dangana da Khartum, daga nan sai bakin Bahar Maliya, a Sawakin ko Fot Sudan, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani shekara biyu, wani bakwai, ana tafe ana ƙwadago a gonakin auduga don a haɗa guzuri. Da yawa ba su ƙarasa ba, ba su kuma dawo gida ba, zuriyarsu na nan a Sudan har gobe. To me madugu yake da shi wanda sauran 'yan ayari ba su da shi? Hanya ba tasa ba ce, rijiyoyin ma ba shi ya haƙa ba. Ya dai san inda ruwa yake, ya san fatoman da za a sauka a gidansa, ya san sarkin da ake kai wa gaisuwa. In kuma jaki ya faɗi ko wani ya kwanta ciwo, shi ake tasa cikin dare. Sani ke nan, da ɗaukar nauyi. Ku riƙe mini waɗannan biyun, don duk maganata ta yau a kansu take.

Ni na shigo sana'ar nan ina yaron ofis, zamanin da tikiti ɗan littafi ne mai jan kabon. Da biro ake cikewa, sai ka danne hannu da ƙarfi don rubutun ya fito har a takarda ta huɗu. Kowane zango da takardarsa, a filin jirgi a yage. Tikitin da ba a rubuta komai a kai ba daidai yake da tsabar kuɗi, a cikin sef yake kwana, maigida ne kaɗai ke riƙe makulli. A kan kowane tikitin ƙasar waje kamfanin jirgi yana ba mu kamasho na kashi 9 cikin 100, ba roƙo ba ciniki. Sai kwamfuta ta zo. Kamfanin jiragen American Airlines ne ya fara haɗa ta tare da IBM a shekarun 1960, suka sa mata suna Sabre, a 1976 suka fara girka ta a ofisoshin ejan-ejan. Kamfanonin jiragen Turai huɗu, Air France da Lufthansa da Iberia da SAS, suka ga ba za a bar su a baya ba, suka kafa Amadeus a 1987. Akwai kuma Galileo, wadda da yawanmu a kanta muka koyi aiki. Baƙin allo ne mai koren rubutu, ba hoto ba ado, sai gajerun haruffan da ka haddace kamar laƙani. Fasinja yana zaune a gabanka, bayan kwamfutar kawai yake gani. Abin da ka ce shi ne farashi. In ka ce babu kujera, to babu. A faɗi gaskiya: da yawa cikin gidajen da muka gina, a bayan kwamfutar nan muka gina su.

Mutane suna ɗauka intanet ce ta fara kai mana bugu. A'a, masu jiragen ne da kansu. A 1995 kamfanin Delta a Amurka ya ƙayyade kamashon tikitin cikin gida, ya ce komai tsadarsa ba zai biya ejan fiye da dala 50 a kan zuwa da dawowa ba. A 2002 ya soke kamashon gaba ɗaya, sauran suka bi sahu. Iskar ta ɗauki lokaci kafin ta iso mana, amma ta iso: tara ta dinga zaizayewa har ta koma ɗaya cikin ɗari a wasu kamfanonin, wasu kuwa ko sisi. Ana cikin haka shafukan sayar da tikiti suka ɓullo. Expedia ta fito daga cikin Microsoft a 1996, a nan gida kuma Wakanow ta fara a 2008. A wannan shekarar dai, daga 1 ga Yuni, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daina ba mu tikitin takarda. Lissafinsu a fili yake: tikitin takarda yana cin musu kusan dala 10, na kwamfuta kusan dala 1. Sef ɗin maigida ya koma wurin ajiye fasfo.

In kuna jin girma yana hana faɗuwa, ku tuna kamfanin Thomas Cook. Tun 1841 yake shirya wa Turawan Ingila tafiya. Ga wani abin da ba kowa ya sani ba: a 1886 gwamnatin Ingila a Indiya shi ta ba jigilar alhazan ƙasar, ya yi 'yan shekaru ya ga ba riba ya ajiye. Wato shi ma ya taɓa jirgin yawo. A Satumban 2019 ya durƙushe bayan shekara 178, sai da gwamnatinsu ta yi hayar jirage ta kwaso mutum wajen 150,000 da ya bari a ƙasashen waje. Bashi ne ya karya shi, amma ku lura, ya mutu yana biyan hayar shaguna fiye da 500 a titunan Ingila, alhali masu sayen tikiti suna kwance a kan gado suna latsa waya.

To mu fa? A nan ne labarinmu ya saɓa da nasu, kuma abin dariya ne in ka dube shi. An ce intanet za ta ƙarar da ejan, sai ga shi ta hayayyafa su kamar fara. Dalili kuwa mai sauƙi ne. Kafin ka yanke tikiti da sunanka sai kana da lasisin IATA, sai banki ya tsaya maka da makudan kuɗi, sai kana zuba cinikinka a asusun da ake kira BSP a ranar da aka ƙayyade, in ka saɓa a rufe ka. Ƙalilan ne ke iya wannan. Sai manyan suka buɗe shafuka na 'yan sari: ka zuba kuɗi a asusunka na shafin, a ba ka lambar shiga, ka yanke tikiti daga wayarka a ƙarƙashin lasisinsu. Yau ɗalibi a ɗakin kwanan jami'a ejan ne. Matar aure mai sayar da atamfa da turaren wuta a WhatsApp ta ƙara da bizar Umra. Mai shagon kafe da ke cike wa yara fom ɗin jarrabawa shi ma yana bukin. Ƙungiyarmu ta NANTA tun 1973 take, amma na tabbata masu sayar da tikiti a garin nan da ba su taɓa jin sunanta ba sun fi waɗanda suka biya kuɗin rajista yawa. Ba na zagin yaran nan. Wasunsu sun fi mu saurin hannu, sun kuma fi mu amsa saƙo. Sanin da muke taƙama da shi ne ya zama ruwan famfo, kowa ya kawo bokiti ya tara.

Masu jiragen kuma ba su tsaya nan ba. Kowane bukin da muka yi ta Amadeus ko Sabre, kamfanin jirgi ne ke biyan kuɗin hanyar, kuma sun gaji. A 2015 Lufthansa ta ɗora Yuro 16 a kan duk tikitin da aka yanka ta waɗannan hanyoyi, ban da wanda aka saya a shafinta. Wasu suka kwaikwaya. IATA kuma ta fito da sabon tsari mai suna NDC, wanda ke ba kamfanin jirgi damar nuna farashi iri ɗaya a nan, wani iri a can. Shi ya sa fasinja zai shigo ofishinka ya miƙo maka wayarsa, ka ga farashin da ke hannunsa ya fi na allonka sauƙi, yana kallonka kallon ɓarawo, kai kuwa wallahi ba ka ƙara ko kwabo ba. Dā shi ke kallon bayan kwamfuta. Yanzu wani lokacin mu ne.

Sai rikicin Dala. Tsakanin 2022 da 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje suka maƙale a Najeriya, sun yi ciniki da Naira, Babban Banki ya kasa ba su Dala su fitar, har abin ya haura dala miliyan 800. Suka rama a kanmu: suka rufe kujeru masu araha ga duk mai yanka tikiti daga Najeriya, suka bar masu tsada. Emirates ta tattara ta daina zuwa a ƙarshen 2022, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. 'Yan kasuwarmu suka koma yanko tikiti ta hannun ejan-ejan na Akara da Kwatano, jirgi ɗaya, kujera ɗaya, farashi biyu. Amma ku ji ikon Allah: a daidai lokacin bankuna suka rage abin da katin Naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe shi ƙurmus. Ɗan bokon da ya yi shekara biyar bai taka ofishina ba, yana cewa shi da kansa yake bukin, sai ga shi da sallama. Ya ga farashi a waya, katinsa ya ƙi biya. Na karɓe shi hannu bibbiyu, amma ban ruɗi kaina ba. Ba ƙaunata ce ta dawo da shi ba, kuma na san ranar da kati ya buɗe zai sake ɓacewa.

Yanzu bari in zo inda tuwonmu yake, wato Hajji da Umra, don a arewacin Najeriya da Nijar duk ejan da ya ce ba ruwansa da Saudiyya, to sai dai in yana da wata sana'ar.

A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta rufe Umra saboda korona. Hajjin shekarar 'yan tsirarun mazauna ƙasar ne suka yi, a 2021 mutum 60,000, su ma na cikin gida. Mu muna nan muna lissafin hayar ofis da kuɗin mutanen da suka maƙale a otal-otal, su kuwa suna can suna gina manhaja. Da aka sake buɗe Umra a Oktoban 2020, sai da izinin manhajar Eatmarna ake shiga Harami. A 2022 aka fito da Nusuk, ta haɗiye ta. Yau ko ziyarar Rauda a Madina sai ka kama lokaci a waya. A shekarar 2022 ɗin dai, saura 'yan makonni a hau Arfa, Saudiyya ta sanar wa Musulmin Turai da Amurka da Ostireliya cewa daga yanzu ta wani shafi mai suna Motawif za su nemi kujera, a yi ƙuri'a, su biya kai tsaye. Ejan-ejan na Ingila da suka yi shekara talatin suna kai alhazai suka wayi gari ba su da aikin yi. Tafiyar ta zo da ƙorafi mai yawa, mutane sun biya kuɗin otal na kusa an kai su na nesa, wasu sun je filin jirgi babu tikiti, babu kuma wanda za su riƙe wa riga. Shin Saudiyya ta janye? Ta dai canza shafin, ta mayar da shi Nusuk Hajj a 2023, ta ci gaba.

Mu har yanzu ta hannun hukuma muke bi. A Najeriya NAHCON ce, wadda aka kafa a 2006, a Nijar kuma COHO. A Hajjin 2023 da na 2024 an ba Najeriya kujera 95,000, kusan 20,000 daga ciki na jirgin yawo. To amma aikin da ke bayan kujerar ya canza ƙwarai. Iyayenmu na sahun gaba sun tuna lokacin da mutum zai tafi Makka da Riyal a jaka, ya zauna da mai gida a Misfala a sha shayi, a yi ciniki, a ba da kafin alƙalami, sauran sai alhazai sun sauka. Yanzu masauki, da tantin Mina, da motar ɗaukar alhazai, da abinci, duk a shafin ma'aikatar Hajji ake ƙulla su, kuɗi su shiga asusun shafin tukuna, sannan biza ta fito. An kuma tilasta ƙananan kamfanoni su taru a ƙarƙashin manya 'yan kaɗan. Ga ranar rufewa. Mu mutane ne da muka saba da alfarma: a kira wane ya kira wane, a ƙara mana kwana uku. Kwamfuta ba ta da suruki, ba ta da ɗan unguwa. Maniyyacinmu kuma manomi ne ko ɗan kasuwa, sai ya sayar da amfanin gona ko ya ga watan Shawwal sannan yake cika kuɗi. Ejan ne a tsakiya: shafi yana neman kuɗi watanni kafin Hajji, mai kuɗin yana cewa Allah ya kai mu. Wanda ba shi da jarin da zai cike wannan rami, ko ya koma yaron wani, ko ya fara taɓa kuɗin Alhaji Wane ya biya wa Alhaji Wane. Kun san inda wannan hanyar take ƙarewa.

Akwai kuma ɓarauniyar hanya, wadda dole in ambata ko da ran wasu zai ɓaci. A Hajjin 2024, cikin zafin da ya haura digiri 50, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji. Ba su da katin Nusuk, don haka ba tanti, ba mota mai sanyi, sai tafiya a ƙasa cikin rana. Wani ne ya sayar musu da bizar ziyara ya ce ai da ita ma ana yi. Masar ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 a kan haka. Dā ana sulalewa a shige, takari nawa suka yi Hajji a haka. Yanzu kowane shinge da na'urar karanta kati. Duk wanda ya karɓi kuɗin tsohuwa ya ba ta bizar ziyara da sunan Hajji, ya san abin da ya sayar mata.

Saudiyya ta faɗa da bakinta cewa tana son masu Umra su kai miliyan 30 a shekara nan da 2030, kuma ta riga ta fara buɗe ƙofar da mutum zai nemi biza da masauki kai tsaye ta Nusuk. Wanda ke neman miliyan 30 ba zai tsaya jiran ofishina ba. Abin da ya sami ejan na Ingila, ban ga katangar da ta tare shi daga gare mu ba.

To me ya rage? Ga labarin da ya ba laccar nan suna.

Wani dare wajen ƙarfe biyu wayata ta yi ƙara. Ɗan wata hajiya ce da na yi shekaru ina yanka wa tikiti. A wannan karon bai zo wurina ba, ya samo mata mai araha a wani shafi na ƙasar waje, har ya turo mini hoton farashin don in ji haushi. Ashe shafin tikiti biyu ya haɗa masa, na kamfanoni biyu da ba su san da juna ba. Jirgin farko ya yi latti, na biyu ya tashi ya bar ta. Ga ta a filin jirgin wata ƙasa, ba Turanci ba Larabci, maganin hawan jininta yana cikin akwatin da ba ta san inda yake ba. Kamfanin jirgi ya ce a koma wurin wanda ya sayar da tikitin. Wanda ya sayar kuwa wani akwatin hira ne da ke amsawa da cewa saƙonka yana da muhimmanci a gare mu. Yaron yana kuka yana cewa, "Baba, don Allah ka yi wani abu." Na ce masa, "Ɗana, tikitin da ba ni na yanka ba, ko waƙafi ba zan iya canzawa a cikinsa ba." Haka tsarin yake. Abin da na iya shi ne na tashi na kunna kwamfuta na yanka mata sabo da kuɗina, na kira wani Bahaushe da na sani yana aiki a garin ya je ya zauna da ita har gari ya waye. Arahar da ya samu ta naira dubu ɗari da wani abu ce. Abin da ya biya ni daga baya ya ninka haka sau shida.

Ba na ba da labarin nan don in ce kowa ya guji shafi. Mai zuwa Legas ko Abuja da jakar hannu ya buɗe wayarsa ya saya, ni ma haka nake yi. Mai digiri da zai tafi Landan a jirgi ɗaya ba ya bukatata. Amma ku dubi fasinjan da muke da shi a zahiri. Ku dubi sunansa kawai. Fom ɗin Bature yana neman sunan dangi, mu kuwa ba mu da shi: wani ya sa sunan uba, wani na kaka, wani na garinsu, wani laƙabi. Muhammad ɗaya, a fasfo an rubuta shi da o da e, a katin ɗan ƙasa da u da a, a takardar makaranta an ƙara masa u a ƙarshe. Hajiya a fasfo sunan miji take amsawa, a NIN sunan uba. Dā jami'i zai duba fuska ya ce wuce. Yanzu na'ura ce ke gwada harafi da harafi, in ɗaya ya saɓa biza ta tsaya. Rabin aikin ofishina a yau shi ne wannan: duba suna, duba ranar ƙarewar fasfo ko ta kai wata shida, duba ko ƙasar da za a yada zango tana neman biza, karanta ƙa'idar tikiti a gaya wa mutum da Hausa, a saƙon murya, cewa wannan mai arahar in ka fasa ba a mayar da ko sisi. Ɗan kasuwar Kwari mai zuwa Guwanzu, da marar lafiyar da za a kai Alƙahira ko Indiya a keken guragu, da tsohon da bai taɓa hawa matattakala mai tafiya da kanta ba, ba farashi kaɗai suke saye ba. Suna sayen lambar wayar da za a ɗaga.

Matsalarmu ita ce wannan aikin kyauta muke yin sa, sannan mu ɓoye ladanmu a cikin farashin tikiti kamar abin kunya. Ɓoyon nan ya yi aiki lokacin da fasinja ke kallon bayan kwamfuta. Yau cikin minti ɗaya zai gano ka ɗora dubu talatin, kuma ba zai kira shi lada ba, cuta zai kira shi. Ni shekara huɗu ke nan rasiɗina layi biyu ne: ga kuɗin jirgi kamar yadda yake a allo, ga ladan ofis. Abokaina suka ce Bahaushe ba zai biya ba. Na ce Bahaushen da ya san la'ada tun kafin a haifi Thomas Cook? A kara ana sayar da sa, dillali ya karɓi la'adarsa a gaban kowa, ba mai cewa ya yi sata. Na rasa wasu fasinjoji, ban musa ba. Waɗanda suka tsaya sun daina miƙo mini waya suna hararata.

Tunda akwai waɗanda ba 'yan sana'a ba a ɗakin nan, bari in tona mana asiri guda, 'yan'uwa su yi haƙuri. Bukin daban, tikiti daban. Bukin kama kujera ne na ɗan lokaci, kyauta ake yin sa, yana da lamba mai harafi shida, in ba a biya ba ya goge da kansa. Macuci zai buga maka shi a takarda mai tambarin jirgi ya karɓi kuɗinka, sai ka je filin jirgi a ce ba sunanka. Tikiti na gaskiya yana da lamba 13, ukun farko na kamfanin jirgin ne: 071 Ethiopian, 065 Saudia, 077 EgyptAir, 157 Qatar, 176 Emirates. In an ba ka takarda, nemi lambar nan, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka ka ga ko an yanka. Ejan na kirki ba zai ji haushi ba, shi zai nuna maka yadda ake yi. Mu kuma mu daina watsa hotunan fasfon mutane a zaurukan WhatsApp kamar katin ɗaurin aure. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, ko babu doka ma fasfon mutum amana ce.

Ɗalibai, wasunku sun tare ni a ƙofa suna tambayar ko sana'ar tana da gaba. Latsa kwamfuta kam cikin sati biyu za ku iya, ƙaninku ma zai iya, don haka ba wanda zai biya ku a kansa. Ku koyi Larabcin da za ku yi faɗa da mai otal a Makka ta waya. Ku koyi karanta ƙa'idojin tikiti har ƙasa, wurin ƙananan rubutun da kowa ke tsallakewa. Ku raba asusun kuɗin fasinja da na aljihunku tun ranar farko. Sannan ku tambayi kanku ko kuna iya barin waya a kunne a gefen filo har ƙarshen aikin Hajji. Matata na nan a ɗakin nan, in kuna son sanin farashin wannan, ita za ku tambaya.

Na ga mai kula da lokaci yana ɗaga mini takarda. Saura in gaya muku yadda muka ƙare da ɗan hajiyar nan. Bai daina bukin a waya ba, ya ce har yanzu ya fi araha, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Sai dai yanzu kafin ya biya yana turo mini hoton allon ya ce, "Baba, a duba mini." Na ce masa dubawa naira dubu biyar ce. Ya ce haba Baba, kallo kawai? Muka yi ta ja, muka daidaita a dubu uku. Wancan watan na duba na ga zai sake saukar da uwar tasa a garin da sai da biza ake fita daga wannan ɓangaren filin jirgi zuwa wancan. Na gaya masa, ya canza. Dubu ukun dai har yau ban ji alat ba.

Shugaban taro, ga makirufo.